Mun San Goron Gwanja, Me Ya Hana Mu Sanin Gahawar Filato?

'Yan uwana Jasawa, na gida da waɗanda neman abinci ya kai su Abuja da Legas da Kano da ƙasashen waje, ina yi mana fatan alheri baki ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata 'yar hayaniya ce da aka yi a majalisarmu ta bayan la'asar, ta wajen titin Bauchi. Na je da 'yar butata da ƙananan kofuna da wata gahawa da na sayo a hannun manoma ta wajen Vom, wadda na soya da hannuna, na daka, na dafa. Na zuzzuba wa jama'a, na roƙe su abu ɗaya tak, cewa kurɓin farko a yi shi ba sukari ba madara. Wani babban yayanmu, Alhaji ne mai shagon yadi, ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce, "Kai ƙanena, lallai boko ya gama da kai. Kuɗinka ka sa ka sayo maɗaci? Ai gahawa gahawa ce, duk ɗaci ne, miƙo mini sukari." Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce kwaikwayon Nasara ne, wani ya ce ana fama da kuɗin shinkafa ni kuma ina sansanar kofi kamar mai neman aljanu.

Na taya su dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Domin kuwa ba a yi minti biyar ba Alhajin nan ya zaro goro daga aljihu, ya ɓare, ya gutsura, ya ce, "An cuce ni, wannan ba daushe ba ne, sabo ne." Wato harshen da ya iya raba daushe da sabon goro a gutsure ɗaya, shi ne yake gaya mini wai duk gahawar duniya ɗanɗanonta ɗaya. Ni kuwa na ce ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Bari mu fara da abin da ake nufi, don kada a ce na zo da Turanci a rigar Hausa. Yawancin abin da muke kira gahawa a teburin mai shayi garin gwangwani ne ko na 'yar leda. Wannan gahawa ce da aka tattaro daga wurare daban-daban, aka gauraya, aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwan ya koma gari, don ta narke nan take a ruwan zafi. Tun 1938 aka fara sayar da Nescafe a ƙasar Suwizalan, kuma tana da ranarta, direban tirela da ɗalibi mai jarrabawa shaida ne. Manufar mai gauraya ita ce gwangwanin bana ya yi daidai da na bara. Ita kuwa gahawa mai asali ɗaya, wadda nake magana a kai, ita ce wadda aka san ƙasarta da yankinta, wani lokaci har ƙauyen da gonar da shekarar da aka tsinke ta, ba a haɗa ta da ta wani wuri ba. Abin da turɓayar wurin da sanyinsa da ruwansa da hannun manominsa suka ba ta, shi za ka ji a bakinka, mai kyau ne ko marar kyau.

To jama'a, wannan baƙon abu ne ga Bahaushe? Wa ya fi mu sanin asalin abinci? Je ka kasuwa ka ji yadda ake ciniki: albasar Aliero, doyar Zaki Biyam, kifin Baga, gishirin Bilma, dabinon Agadas. Uwargida ta san man shanun da aka surka da wanda ba a surka ba tun daga ƙamshi. Kakanninmu fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun riƙa yin watanni a hanya da jakuna zuwa Salaga saboda goron Gwanja, alhali akwai wani goron kusa da gida. Sun san labuje na ƙasar Nufe goron manya ne, ba a haɗa shi da kowane a huhu ɗaya. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafa dukiyarsa kafin gyaɗa. Wani abin sha'awa ma, goron da muke kira na Gwanja a kurmin Asante ake noma shi, sunan kasuwar da ake sayensa ya ɗauka, kamar yadda gahawar tsaunukan Yaman ta shahara a duniya da sunan Moka, tashar jiragen ruwan da ake loda ta. Ashe sanin asalin kaya sana'ar gidanmu ce. Wurin gahawa ne kawai muka yarda a rufe mana ido.

Sai kuma masu cewa kwaikwayon Nasara ne. Wannan magana ita ta fi ba ni takaici, domin rashin sanin tarihi ne ƙarara. Ita bishiyar gahawar da ake kira Arabika asalinta tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, a nan Afirka. Waɗanda aka fara sani da dafa ta suna sha su ne Sufayen Yaman a ƙarni na 15, don su kori barci su raya dare da zikiri. Daga nan ta shiga Makka da Alƙahira, har a 1511 wani gwamnan Makka mai suna Khair Beg ya hana shan ta, amma hanin bai ɗore ba. A tsakiyar ƙarni na 16 an riga an buɗe gidajen shan gahawa a Istanbul, ita kuwa Landan sai a 1652 ta ga nata na farko. Kalmar da muke faɗa, gahawa, daga Larabci ta zo, kuma sunan da Bature yake kiran ta da shi daga wannan tushen ya aro ta hanyar Turkawa. Duk wanda ya sauke farali ya ga yadda ake zuba ta a 'yan ƙananan kofuna tare da dabino. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan, na Mai Wurno da sauran garuruwa, a gaban baƙo ake soya ta, a daka, a dafa a jabana da citta. To wa ya kwaikwayi wani? In akwai kwaikwayon Nasara a maganar nan, ai a gwangwani yake, ba a turmi ba.

Yanzu mu dawo gida. Arabika ba ta son zafi. Tana son tudu mai tsayin kamar mita 1,000 zuwa 2,000 daga teku, inda dare ke da sanyi, domin a irin wannan wuri 'ya'yan suna nuna a hankali, zaƙi da ƙamshi su taru a ƙwayar. 'Yar uwarta Robusta ita ke jure zafin kwari, ta fi ɗaci, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kusa ninka na Arabika. A duk faɗin Nijeriya wuraren da Allah ya hore wa tudun da Arabika ke so ba su da yawa. Akwai Mambila a Jihar Taraba, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, inda kuma Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan, wadda gahawa na cikin aikinta, take da reshe a Kusuku. Sannan akwai nan inda muke zaune. Garin Jos kansa yana kan tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800, ta wajen Kerang da Panyam kuma ƙasar tsohon aman wuta ce, irin wadda masu gahawa a duniya suke nema ido rufe. Sanyin nan da muke kuka da shi a watan Disamba, muna ƙudundune da rigar sanyi a sahun Asuba, arziki ne. Kano ba ta da shi, Sakkwato ba ta da shi, ko nawa mutum zai kashe ba zai iya sayensa ba.

Ranar da na je ƙauyen da na sayo tawa, wata dattijuwa ce ta zagaya da ni bayan gidanta. Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu na yanzu. Ta nuna mini bishiyoyi ƙalilan a inuwar wasu manyan itatuwa, 'ya'yan sun yi jajawur kamar an shafa musu jan baki, sannan ta nuna mini kututture a jere inda yanzu ake shuka masara da dankali. Na ce, "Mama, me ya sa aka sare su?" Ta ce, "Alhaji, mahaifin yaran nan ne ya dasa. Da akwai masu saye. Da suka daina zuwa, ai ba a tuƙa tuwo da ita." Na tambaye ta ko tana sha, ta yi dariya ta ce in ta so shan shayi aika yaro take yi shago ya sayo mata na leda. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mai gona tana shan na gwangwani, mai kasuwa a gari yana shan na gwangwani, ita kuma bishiyar tana jiran gatari.

Abin da ya kawo haka ba boyayye ba ne. A 1986, zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya wayi gari babu tabbataccen mai saye. A 1989 kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke tsara yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta wargaje, farashi ya faɗi, ya sake faɗuwa warwas wajen 2001. Bishiyar gahawa kuwa sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta fara haihuwa, kuma sai an tsinki kilo biyar ko shida na nunannun 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. Wane talaka ne zai ci gaba da wannan wahala babu kasuwa? Amma duniya ta juya. A watan Fabrairun 2025 farashin Arabika a kasuwar New York ya haura dala huɗu kan kowane fam, abin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Ita kuwa gahawar da aka san gonarta, ta ci jarrabawar masu ɗanɗano, ba ma da wannan farashin ake sayenta ba, nata daban ne. Tun 1999 aka fara gasar gahawa a Burazil inda ake gwanjon buhunan da suka yi fice da sunan manomansu. A 2004 wata gona a Panama ta girgiza masu saye da wani iri da ake kira Gesha, wanda asalinsa daga dazukan Habasha aka kwaso shi. Habashawa kansu sai da suka ja daga da kamfanin Starbucks na Amurka a 2006 da 2007 a kan sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe, domin sun gane cewa sunan wuri kuɗi ne. Kuma ku lura, kusan rabin gahawar da Habasha ke nomawa 'yan ƙasar ne ke shanye ta. Wanda ya san daɗin kayansa ba a yi masa wayo a ciniki.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce tsada. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 magidanci bai huta ba, kuma ba na cewa wanda ke neman na cefane ya je ya sayi gahawa. Amma majalisar da ta yi mini dariya, a lissafa abin da take kashewa a mako kan goro da lemon kwalba da katin waya da ganyen shayin Sin da sukarin da ake antaya masa. Ɗanyar ƙwaya daga hannun manomi, ka soya da kanka a kasko, ba ta kai tsadar da ake zato ba. Za a ce ta gida ba ta da kyau. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Na sha saya na tarar an haɗa ɗanya da nunanna, an shanya a ƙasa ta kwashi warin turɓaya, ko an zuba a buhu da sauran danshi ta yi fumfuna. To amma wa zai gyara? Manomi ba zai ɓata kwanaki yana tsinkar ja zalla, yana shanya a kan gado, yana juyawa, alhali mai saye kuɗi ɗaya zai ba shi da mai kyau da marar kyau. Sai an sami harshen da ke bambantawa, da aljihun da ke biyan bambancin, kafin hannu ya gyaru. Haka goro ya gyaru, haka shinkafar gida ta gyaru a idonmu. Za a kuma ce hanya babu tsaro, wa zai shiga ƙauye? Wannan ita ce mai nauyin, kuma ni ba yaro ba ne, na ga 2001, na ga gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, na ga 2008 da 2010, na san unguwannin da muka daina shiga da waɗanda aka daina shigo mana. Ban ce kowa ya yi ganganci da ransa ba. Amma kullum garin Allah ya waye ana sauke kabeji da karas da tumatur da dankali a Farin Gada, daga hannun manoman ƙauyukan nan zuwa hannun dillalanmu, a loda zuwa kudu da arewa. Hanyar da dankali ya bi ya iso, gahawa ma za ta iya bi. Ni a ganina duk wani buhu da ya ƙulla Bahaushen Jos da manomin Berom ko Mwaghavul ko Ngas da amana da bashi da biya, ya fi taron zaman lafiya goma da ake yi a otal a raba alawus a watse.

Ga mai son gwadawa, abin ba shi da wuya. Ka sami gahawa iri biyu ko uku, a ce ta Filato da ta Mambila da ta Habasha in ta samu. Ka soya kowace daban a kasko da wuta madaidaiciya kana juyawa ba tsayawa, har ka ji tana ƙara kamar gugguru ta yi launin ƙasa-ƙasa, ka sauke kafin ta yi baƙi ta fara maiƙo, domin ƙonanniyar gahawa duk ɗanɗanon gawayi gare ta, daga nan ne ma maganar "duk ɗaya ce" ta samo asali. Ka bar ta ta huce ta kwana biyu. Ka daka ba lukui ba, kamar tsakin masara mai laushi. Masu sana'ar suna auna kimanin giram 8 ga ruwa mililita 150, wato cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori ga ƙaramin kofin shayi. Ka sansana garin tun yana bushe. Ka tafasa ruwa ka bar shi ya ɗan sarara kamar minti ɗaya, ka zuba, ka jira minti huɗu, ka ture abin da ya taso sama da cokali hancinka na kusa, ka kwashe kumfar. In ta ɗan huce ka ɗiba a cokali ka zuƙa da ƙarfi har da ƙara, yadda za ta watsu a baki. Ka sake kurɓa bayan ta yi sanyi, domin gahawar kirki tana ƙara zaƙi in ta huce, marar kyau kuwa a nan asirinta ke tonuwa.

A nan kuma ina da magana da 'yan uwana 'yan boko, don kada su ɗauka na goyi bayansu ɗari bisa ɗari. Wasunmu sun mayar da abin nan ado. Mutum zai sayo 'yar jaka daga Kolombiya a babban kanti a Abuja, ya karanta abin da aka rubuta a jiki, ya zo yana gaya mana wai yana jin ɗanɗanon wasu 'ya'yan itatuwan Turai da ko a mafarki bai taɓa ci ba, in ka ce masa ga ta Pankshin ya taɓe baki. Wannan shi ne ainihin kwaikwayon da Alhaji yake zargi, kuma a nan ya yi gaskiya. Mu faɗi abin da harshenmu ya sani. Tawa ta Vom, ni abin da na ji a cikinta shi ne 'yar tsami-tsami irin ta tsamiyar da aka jiƙa, da ƙamshin soyayyar gyaɗa, a ƙarshe kuma wani zaƙi a maƙogwaro kamar na mazarƙwaila. Wata za ka ji zoɓo, wata goruba, wata ɗinya ko magarya. Muna da ɗorawa da kanya da aduwa da tsada, kalmomin ɗanɗano ba su ƙare mana ba. Ranar da aka rubuta "tsamiya da mazarƙwaila" a jikin jakar gahawar Filato, ranar ce ta zama tamu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya hana ni barci fiye da gahawar kanta. Mu nan garin babu kalmar da ta wahalar da mu kamar "asali". Kakana ya zo tudun nan zamanin haƙar kuza, bayan ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso a 1914, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne su duka biyu. To ku dubi gahawa. Kakanta Bahabashe ne, ta bi ta Yaman, sai a 1727 ta shiga Burazil, yau Burazil ce ta fi kowa noma ta, kuma babu mai kiran ta baƙuwa a can. Dankalin da duk Nijeriya ke kira na Jos daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito. A wurin masu gahawa, asali shi ne ƙasar da saiwarka ta shiga ta sha ruwanta. Wannan magana tana yi mana daɗi, na sani. Amma tana da nauyi a kanmu, domin ita bishiyar ba da baki take da'awa ba, ɗanɗanon ƙasar ake ji a jikinta. Mu da muke cewa nan ne gida, nawa ne a cikinmu suka san abin da ke tsirowa bayan Bukuru? Nawa ne suka taɓa cin tuwon acca a gidan wanda ya noma ta?

Saboda haka kirana ga 'yan kasuwarmu shi ne, a cikin masu sayen dankali da masara a sami ko mutum biyar su fara tambayar gahawa, su biya mai kyau kuɗin mai kyau, su rubuta sunan ƙauyen a jikin buhu, kada su gauraya. Matasanmu masu neman sana'a su koyi suya da ɗanɗano, kasko da turmi sun isa a fara. Masu shayi su ajiye buta ɗaya ta gahawar gida a gefen tebur, ko mutum uku ne suka saya a rana. In muka tsaya dariya, wasu za su zo daga nesa su ƙulla da manoman nan, su fitar da ita, mu dawo muna sayen ta a kanti da tsada da sunan Turanci, kamar yadda aka yi mana da fata da kuza.

Shi kuwa Alhaji, jiya ya aiko ƙaramin ɗansa gidana da goro biyu manya, daushe na gaske, da saƙo cewa in akwai sauran maɗacin nan a ɗiba masa, wai baƙi zai yi daga Kano. Na ɗiba masa, na ce yaron ya gaya wa Baba kurɓin farko dai ba sukari.

Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya sa albarka a ƙasarta da mutanenta, ya ba mu ikon gane alherin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.